Ƙullutu a nonon yarinya 'yar shekara 15: a cire ko a ci gaba da aunawa?

Mai tambaya, ƙaramar likita

Assalamu alaikum malamaina. Ina neman shawararku a kan wata yarinya 'yar shekara 15 da ke da ƙullutu a nonon dama, ta sama wajen hammata. Ba ya mata ciwo. In an taɓa shi yana da tauri irin na roba, gefensa sumul, kuma yana sulɓewa daga ƙarƙashin yatsa. Fata ba ta canja ba, kan nono bai shige ciki ba, babu ruwan da ke fita, babu kaluluwa a hammata. Ta fara al'ada tana da shekara 12, an yi gwajin ciki babu komai, kuma a danginta na kusa ba a san wadda ta taɓa yin sankarar mama ba.

Sikanin farko ya ba da santimita 2.8 a inda ya fi tsawo. Aka rubuta cewa ya yi kama da faiburo'adinoma, wato ƙarin nono marar illa da aka fi gani ga 'yan mata, ta dawo bayan wata shida. Sai ta dawo a wata na biyar don ta ga nonon ya fara fin ɗan'uwansa, kuma yanzu awon ya kai 4.3. Mahaifiyarta ta matsa a cire shi ko ta halin ƙaƙa. Mahaifinta kuwa tsoronsa kada wuƙa ta ɓata nonon, yarinya ta kasa shayarwa nan gaba. Ita kanta yarinyar ba ta ce uffan ba.

Shin sai an ɗebo tsoka da allura kafin a shiga tiyata? Akwai amfanin mamogiram, wato hoton nono na hasken X-ray, a wannan shekarun? In za a cire, ta ina ya fi dacewa a tsaga? Kuma a wane girma ne ake daina jira? Na gode.

Likitan hoto

Wa alaikumus salam Likita. Mamogiram dai a ajiye shi gefe. Nonon budurwa cike yake da tsoka mai kauri, kitsensa kaɗan ne, saboda haka a hoton komai fari yake fitowa, ƙullutun ya ɓace a cikin farin. Ga shi kuma an haska wa nono mai tasowa hasken da ya fi cutar da shi a wannan shekarun fiye da kowane lokaci. Sikanin ne kayan aikinki, da miƙaƙƙen kan na'ura mai ƙarfin megahaz 10 zuwa sama.

Abin da nake so ki fara tabbatarwa shi ne awon nan biyu iri ɗaya aka yi su. Ƙullutu mai siffar ƙwai, in wani ya auna shi a kwance wani ya auna shi a karkace, za a iya samun bambancin rabin santimita alhali bai ƙaru da komai ba. A riƙa rubuta awo uku, tsawo da faɗi da zurfi, a rubuta wurinsa da lissafin agogo da nisansa daga kan nono, misali ƙarfe 10, santimita 3. In da hali a yi sikanin a makon da ya biyo bayan gama al'ada, domin kafin al'ada nono kan kumbura ya rikita mai awo. To amma daga 2.8 zuwa 4.3 ya wuce kuskuren hannu. Ƙa'idar da muke bi ita ce ƙarin da ya haura kashi 20 cikin ɗari a wata shida ana ɗaukarsa girma na gaske. Naki ya haura kashi 50 a wata biyar, kuma in duk ɓangarorin uku haka suka ƙaru, cikin ƙullutun ya ninka sau uku da rabi. Wannan ya fita daga sahun waɗanda ake zuba wa ido.

Faiburo'adinoma na gari a sikanin yana da siffar ƙwai a kwance, faɗinsa ya fi zurfinsa, iyakarsa a fili kamar an zana da biro, cikinsa ya fi kitsen da ke kewaye duhu kuma bai ɗaya ne, lanƙwasar gefensa ba ta wuce biyu ko uku. Abubuwan da ke sa in gyara zama su ne tsage-tsage masu ruwa a cikinsa, cikin da ya cakuɗe wani wuri haske wani wuri duhu, gefe mai ƙahonni, tsayuwa a tsaye maimakon kwanciya, da jini mai yawa yana gudana a ciki. Tsagen nan masu ruwa su ne ke sa a tuna da ƙarin filodis, wani ƙari mai kama da faiburo'adinoma wanda wani lokaci kan zama sankara. Sai dai in gaya miki gaskiya, hoto ba ya raba su biyun da tabbaci. Akwai filodis da ke fitowa tsaf kamar faiburo'adinoma.

Ki kuma yi hattara da makin BI-RADS, wato makin da likitan hoto ke ba ƙullutu gwargwadon zargin sankara. An tsara shi ne a Amurka don manyan mata. Maki 3 na nufin yiwuwar sankara ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari ba, a sake dubawa bayan wata shida. Amma da zarar ƙullutu ya girma za a rubuta maki 4, iyaye su karanta su shiga tashin hankali, alhali sankarar da ta samo asali daga nono a ƙasa da shekara 20 abu ne mai wuyar samu ƙwarai. In ma an sami mugun ƙari a nonon yarinya, sau da yawa daga wani wuri ya taso ya sauka nan, kamar sankarar jini, ko ta kaluluwa, ko ta tsoka. Shi ya sa ake tambayar zazzaɓin dare, rama, gumi, da ko an taɓa gasa mata ƙirji da hasken maganin sankara tana ƙarama. Wadda aka taɓa gasa wa ƙirji, ko wadda danginta ke yin sankara iri-iri tun suna yara, ba a yi mata jiran wata shida.

Tunda wasu za su karanta wannan, bari in ƙara abin da bai shafi yarinyarki ba amma ya fi komai muhimmanci. Yarinya 'yar shekara 8 zuwa 13 da aka kawo da ɗan tauri mai zafi daidai ƙarƙashin kan nono, gefe ɗaya, wannan ƙirgar dangi ce. Nono ɗaya kan riga ɗan'uwansa da watanni. Kada a soka masa allura, kada a yanka. Wannan ɗan taurin shi ne tsiron nonon gaba ɗaya, wanda ya cire shi ya cire nonon har abada. Haka nan 'yar jakar ruwa da ke fitowa a bayan baƙin zoben nono ga 'yan mata, yawancinta da kanta take bajewa. Ƙurji kuma a zuƙe mugunyar da allura ana kallon sikanin, a ba da maganin ƙwayoyin cuta, kafin a yi tunanin tsagawa.

Ra'ayina a kan tambayarki ta farko: a ɗebo tsoka. Allura mai kauri lamba 14, a ɗebo zare uku zuwa biyar daga wurare daban-daban na ƙullutun, ana kallo da sikanin, allurar tana tafiya a kwance don kada ta nufi ƙirji. Siririyar allurar da ke zuƙo ƙwayoyi kawai ba ta da amfani a nan, domin ba ta nuna yadda ginin ƙarin yake.

Likitan fiɗa

Sannunku da aiki. Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa a kan hoto, amma a kan allura ina da ja. Tambayar da nake yi kafin kowane gwaji ita ce, sakamakon zai canja abin da zan yi? A wannan yarinya, in ya dawo faiburo'adinoma zan cire, saboda ya haura santimita 4 kuma yana gudu. In ya dawo ba a tantance ba, zan cire. To me ya sa za a sa 'yar shekara 15 ta sha suka sau biyu, da tsoro sau biyu, wataƙila da taruwar jini da zai ɓata min fili ranar aiki? Inda nake neman allura shi ne in hoton ya nuna tsage-tsagen da Malam ya ambata, ko ƙullutun ya manne, ko tarihin yarinyar ya sa ana zargin mugun abu, domin a nan sakamakon zai gaya min ko in bar tazarar lafiyayyar tsoka a kewayensa ko in bi jikin ƙarin, ko ma ba tiyata ce maganin ba.

Game da girma, ƙanwata, babu lamba ɗaya da duniya ta haɗu a kai. Ƙasa da santimita 3, hoto mai kyau, ba ya girma, a bar shi, a auna duk wata shida har shekara biyu. Wasu da kansu suke raguwa, wasu su ɓace. Sama da santimita 5, ko nauyin giram 500, shi ake kira ƙaton faiburo'adinoma na 'yan mata, kuma wannan ba a jayayya, cirewa ake yi kafin ya miƙar da fata ya danne nonon. Tsakanin 3 da 5 shi ne wurin shawara: saurin girma, ciwo, canja siffar nono, da abin da yarinyar take so. Ki lura na ce yarinyar. Kin ce ba ta ce uffan ba, kuma wannan ya dame ni fiye da awon. Ki zauna da ita tare da ma'aikaciyar jinya mace, iyaye su ɗan ba ku wuri, ki zana mata inda tabon zai kasance. Sa hannu na iyaye ne, amma jikin nata ne, kuma ita za ta zauna da tabon shekara sittin.

Yanzu aikin. A yi alama tana farke, da farko a zaune sannan a kwance da hannu a buɗe yadda za ta kasance a kan tebur, domin ƙullutun nan yana yawo, in ta yi barci nono ya baje sai ki neme shi ki rasa. A sa ta nuna shi da yatsarta, a zagaye shi da alƙalami. Ga mai wannan girma na fi son a sa ta barci gaba ɗaya. Kashe wuri kawai kan yi wa ƙaramin ƙullutu na kusa da fata ga babbar mace mai juriya, amma ƙullutu sau da yawa ya fi zurfin da yatsa ke ji, kuma yarinyar da ta firgita a tsakiyar aiki ba za ki iya tsayar da jini yadda ya kamata ba. Duk da barcin, a yi wa wurin allurar kashe zafi. Lidokain mai adirenalin (maganin da ke tsuke jijiyoyin jini) iyakarsa miligiram 7 a kowane kilo, wato ga mai kilo 50 miligiram 350, mililita 35 na mai kashi 1 cikin ɗari. Bufibakain miligiram 2 a kowane kilo, wato ga mai kilo 50 mililita 40 na mai kashi 0.25. Ba za ki buƙaci ko rabin wannan ba. In kin haɗa su biyun, gubarsu tarawa take yi, kada ki lissafa kowanne daban.

Wurin tsagawa. In ƙullutun bai wuce kamar santimita 4 ko 5 daga baƙin zoben nono ba, a bi bakin zoben, daidai inda baƙi ya haɗu da fatar jiki, can tabo ya fi ɓuya. Kada tsagar ta wuce rabin kewayen, domin jinin da ke ciyar da kan nono ta nan yake shiga. Jijiyar da ke kai ji zuwa kan nono tana fitowa ne daga tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 ta gefen waje, ta iso zoben wajen ƙarfe 8 a nonon dama, ƙarfe 4 a na hagu. Naki yana sama ta waje a dama, to ki tsaga daga ƙarfe 9 zuwa 12 ko 1, ki bar ƙarfe 8 lafiya. In zoben ƙarami ne ƙullutun ba zai fita ta nan ba, ko ya yi nisa, a bi gefen nono ta wajen hammata. Ƙaton ƙari kuwa ta lanƙwasar ƙarƙashin nono ake shiga, a ɗaga nonon daga tsokar ƙirji, a fito da ƙarin ta baya. Wurin da nake roƙon kowa ya guje shi ne sama ta ciki, wajen tsakiyar ƙirji. Fatar nan a miƙe take, tabonta yana faɗi yana tasowa, musamman ga masu duhun fata. Ki duba hujin kunnenta da tsoffin tabbanta tun kafin aiki, za su gaya miki irin warkewar da jikinta ke yi.

Bayan an tsaga fata, kada a nutsa kai tsaye cikin nono daga bakin zobe. A bi tsakanin kitsen ƙarƙashin fata da tsokar nono, a bar wa fatar kaurin kitse kamar santimita ɗaya don kada ta mutu ko ta lotsa, har a iso saman ƙullutun. Mataimaki ya turo shi da yatsu biyu ya riƙe. A nan sai a buɗe tsokar nono a miƙe, kamar daga kan nono zuwa waje, domin magudanan ruwan nono haka suka jeru kamar wayoyin ƙafar keke. Wanda ya yanka a gicciye ya datse magudanai da yawa, wanda ya bi tsawonsu ya raba su ne kawai. Wannan ita ce amsar mahaifinta.

Za ki ga ƙarin fari yana sheƙi. A soka masa zare mai ƙarfi lamba 2-0 a ja shi da shi, ya fi kama shi da ƙarfe mai haƙora wanda ke yaga shi. Ki nemi tantanin da ke tsakaninsa da nonon da ya danne, ki bi nan da bakin almakashi ko yatsa, zai ɓare cikin sauƙi. Akwai wuri ɗaya da ya manne, inda jijiyar jininsa ke shiga, a ɗaure ko a ƙona kafin a yanke. In kin ga babu wannan tantanin, ƙarin yana da laushi yana ɓarɓashi, ko ya cusa kansa cikin nono, ki tsaya, ki bar masa tazarar lafiyayyar tsoka. A fito da shi ɗungurungum. Ƙara tsawon tsaga da santimita ɗaya ya fi yayyanka ƙari don ya fita ta ƙaramar ƙofa.

Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne bayan an fito da ƙarin. Likita ya ga rami, ya ga ɗan siririn nama a gefe, ya ɗauka saura ne ya yanke, ko ya ɗinke ramin tam. Siririn naman nan shi ne nonon yarinyar, ƙari ne ya matse shi. In an bar shi zai buɗe ya cike wurin cikin wata 6 zuwa 12. Ɗinke ramin da ƙarfi kuma yana jawo lotsawa, ya karkatar da kan nono. Abin da ramin ke buƙata shi ne a tsayar da jini sarai: a wanke da ruwan gishirin asibiti, a jira minti biyu, a sake dubawa, domin adirenalin na ɓoye ƙananan jijiyoyi su buɗe bayan awa biyu. Kusa da fata da kan nono a rage wutar na'urar ƙona jijiya. Ga mai santimita 4 ba na sa robar tsotse ruwa. Ga ƙato ana sa ta, a cire in abin da ke fita ya gaza mililita 30 a awa 24. Ƙarƙashin fata a ɗinke da zare mai narkewa lamba 3-0, saman kuma ɗinkin ɓoye da 4-0. Ko fatar ta yi yawa bayan cire ƙato, kada a yi gaggawar rage ta ko sa robar cika nono a nonon da bai gama girma ba. Fatar yarinya tana komawa.

Likitar nazarin tsoka

Barkanku. Ni zan tsaya tsakanin malaman nan biyu, amma na fi karkata ga likitan fiɗa a wannan yarinya. Faiburo'adinoma da filodis 'yan gida ɗaya ne. Dukansu sun ƙunshi abu biyu, rufin magudanai da kuma saƙar da ke riƙe da su, har ma canjin ƙwayar gado ta MED12 ana samunsa a dukansu. Bambancin yana cikin saƙar: yawan ƙwayoyinta, munin siffarsu, yawan waɗanda aka kama suna tsakiyar rabuwa, da yadda bakin ƙarin yake, ko ya ture nono ne ko ya kutsa cikinsa. Zaren tsoka mai kaurin milimita biyu ba ya nuna baki, kuma filodis ɗaya na iya zama lafiyayye a wannan kusurwa ya munana a waccan. Ga kuma wahalar da ta keɓanci 'yan mata: faiburo'adinomarsu da ma saƙarsa cike take da ƙwayoyi, ana iya samun masu rabuwa da ɗan yawa, ba tare da wani mugun nufi ba. Saboda haka rahoton allura sau da yawa cewa zai yi ƙari ne mai saƙa da yawan ƙwayoyi, ba a iya kore filodis ba, a cire a kawo duka. Kin dawo inda kika fara.

Sunan filodis daga kalmar ganye yake a harshen Girka. Bajamushe Johannes Müller ne ya siffanta shi a 1838, saboda in an tsaga shi ana ganin naman ya naɗe cikin tsage-tsage kamar ganye. Bai kai kashi 1 cikin ɗari na ƙarin nono ba, kuma ya fi yawa ga mata 'yan shekara arba'in da wani abu, amma yana faruwa ga 'yan mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi uku: marar illa, na tsaka-tsaki, da mugu. A ƙidayar ƙwayoyi masu rabuwa cikin fili goma na madubin duba ƙwayoyi, ƙasa da 5 na marar illa ne, 5 zuwa 9 na tsaka-tsaki, 10 zuwa sama na mugu, amma ba a yanke hukunci da ƙidaya kaɗai sai an haɗa da sauran alamomin. Mugun yana bin jini ne zuwa huhu, da wuya ya bi kaluluwa, don haka ba a taɓa hammata.

Roƙona gare ki, Likita, ya shafi yadda za ki aiko da shi. Duk ƙullutun da aka cire a kai shi ɗakin gwaji, komai kyawunsa a ido. Kada a miƙa wa iyaye a kwalba su tafi da shi gida, kada a jefar. Ki sa zare biyu na alama, gajere a sama, dogo a gefen waje, ki rubuta haka a takarda. A saka shi nan take cikin fomalin, wato ruwan adana nama, mai kashi 10 cikin ɗari, ruwan ya ninka girman ƙarin sau goma, a mazubi mai faɗin baki, domin nama yana taurara a fomalin, wanda aka cusa ta ƙaramin baki sai an fasa kwalba. Fomalin yana ratsa nama da kamar milimita ɗaya a awa, saboda haka tsakiyar ƙari mai santimita 8 zai ruɓe kafin ruwan ya isa. In ɗakin gwajin na kusa, a kawo shi cikin awa ɗaya mu shafa wa bakinsa tawada mu tsattsaga. In zai kwana a hanya, a yi masa tsaga a tazarar santimita ɗaya ba tare da an raba shi ba, kamar shafukan littafi. A takardar kuma a rubuta shekarunta, awon farko da na biyu da kwanakinsu, da magungunan da take sha. Maganin saikulosforin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, alal misali, yana haddasa faiburo'adinoma da yawa a nono biyu.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu, ranku ya daɗe. In an ɓare shi a bin tantani sannan rahoto ya dawo filodis, sai an koma an ƙara yanka? Sannan me zan gaya musu su kula da shi a gida? Na manta ban faɗa ba, sikanin na biyu ya ga wani ƙarami mai santimita 1.1 a nonon hagu.

Likitan fiɗa

Na hagun a bar shi. Samun fiye da ɗaya ba baƙon abu ba ne, kuma ba ya ƙara haɗari. A rubuta awonsa uku, a sake aunawa bayan wata shida. Kada a ce tunda ta riga ta yi barci bari a haɗa, tabo na biyu ne a kan abin da wataƙila zai baje da kansa.

In rahoto ya ce filodis marar illa kuma an fito da shi ɗungurungum, yawancinmu yanzu ba ma komawa. Dawowarsa kaɗan ce, kuma in ya dawo yawanci cikin shekara biyu zuwa uku ne, sikanin duk wata shida zai kama shi yana ƙarami. Yanke santimita ɗaya a duk kewayen rami a ƙaramin nono ɓarna ce babba. Na tsaka-tsaki da mugu su ne ake komawa a samo tsabtataccen baki, ana nufin santimita ɗaya, kuma wannan a miƙa shi ga cibiyar da ke da likitocin sankara da na gyaran jiki.

A gida, awa 24 na farko su ne na taruwar jini. In nonon ya kumbura farat ɗaya, ya yi tauri, ciwon yana ƙaruwa, su dawo a daren, kada su jira safiya, domin buɗewa ake yi a kwashe a nemo jijiyar. Ruwa mai launin rawaya da ke taruwa a rami bayan mako guda ba abin tsoro ba ne, shi ne ma ke riƙe siffar nonon kafin nama ya cike, ba a zuƙe shi sai ya matsa yana ciwo, domin kowace suka ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Ja, zafi, zazzaɓi ko mugunya daga kwana na uku zuwa na bakwai alamar harbuwa ce. Ta sa rigar mama mai riƙo marar ƙarfe dare da rana na mako biyu, farasitamol miligiram 15 a kowane kilo duk awa shida in da buƙata, makaranta bayan kwana uku zuwa biyar, guje-guje da ɗaukar kaya masu nauyi sai bayan mako uku ko huɗu. A gaya mata tun yanzu cewa za ta ji tauri a wurin na wata biyu ko uku, kada ta ɗauka ƙarin ne ya dawo, kuma jin kan nono na iya raguwa na ɗan lokaci.

Da zarar ciwon ya rufe, wajen mako na biyu zuwa na uku, ta fara manna faifan silikon a kan tabon, aƙalla awa 12 a rana har wata uku. Ki gan ta a mako na shida. In tabon ya fara tasowa yana ƙaiƙayi, a fara allurar tirayamsinolon, maganin kwantar da tabo, a cikin tabon kansa, miligiram 10 zuwa 40 a mililita, duk mako huɗu zuwa shida, a kula kada maganin ya zube ƙarƙashin fata don yana narkar da kitse ya kuma kwashe launin wurin.